Takara da Suruki

Litinin, 7 ga Maris 1955, bayan la'asar

Yau Baturen nan Mai Lofe ya kira ni gidansa, ba ofis ba. Tun da nake yi wa kamfaninsa dillancin fata da kirgi ban taɓa wuce bakin sikeli ba, sai ga ni a unguwar Turawa. To, a ƙofar kicin dai. Shi yana baranda da abokansa biyu, wani dogo mai aiki a filin jirgin sama da wani mai jan wuya da ban san sana'arsa ba. Kuku ya ba ni shayi a gwangwanin da suke ratayewa a ƙusa saboda irinmu. Na sha. Shayin ba laifi.

Maganar zaɓe ce. An kafa sabon kwamitin shiyya, kamfanoni suna da kujerunsu na naɗi, kujera ɗaya ta rage su rinjayi kowa, ita ce tamu ta bayan Fagge. Bature ba zai tsaya a rana ana jeruwa a bayansa ba, saboda haka suna neman baƙin mutum mai baki, mai ɗan Turanci. Mai Lofe ya nuna ni da lofensa ya ce wa dogon, da yarensu, wannan ya fi sauran wayo amma ya san matsayinsa. Na yi kamar ban ji ba. Rabin abincina daga yin kamar ban ji ba nake samunsa.

Ran Asabar 26 ga wata za a yi, zaɓen layi: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna. Na ce, “Ranka ya daɗe, wa zai ƙi kujera?” Ya sa aka kawo mini takalmi sau-ciki mai igiya, baƙi wuluk, wai ɗan kwamiti ba ya yawo da fade irin na 'yan kasuwa.

Yana ɗan matse ni a ƙaramin yatsa. Zai saki.

Laraba, 9 ga Maris, da hantsi

Fagge ta ji. Masu tebur a Kwari suna ce mini “Almu ɗan kwamiti,” wani Kwara ma, cikin Larabawan nan masu kanti, da bai taɓa amsa gaisuwata ba ya miƙo mini sigari. Ni dai dillali ne. Mai saye nawa, mai sayarwa nawa, a tsakiya nake cin abinci.

Juma'a, 11 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Mai Lofe ya ɗauke ni a mota, ni da karensa a baya. Muka bi ta bayan Fagge har kan tudun da ake hango Unguwar Jigo. Gidaje ne 'yan kaɗan na Barebarin da kakanninsu suka zauna tun kafin zuwan jirgin ƙasa, rijiya ɗaya, sai lambuna kore shar har bakin rafi. Ana jin kukan jigo yana sunkuyawa yana ɗago ruwa.

“Ka ga wannan?” in ji shi da Hausarsa ta bariki. “Duk za a share.”

Za su gina wa Turawa sababbin gidaje daga wancan gefen, kuma dole a bar fili fetal tsakanin su da mu, saboda sauro da wari da hayaniya. Ya ce inda ya fito, can ƙarshen kudancin Afirka, sun daɗe da gyara wannan al'amari: fari da wurinsa, baƙi da wurinsa, har bencin zama. Gwamnatin nan ta yi laushi, in ji shi, ana ta surutun mulkin kai, in su ba su kama ƙananan kwamitoci yanzu ba, nan gaba kukunsa ne zai riƙa sa masa hannu a takarda. Ya yi dariya. Na taya shi.

Na ce, “Lallai akwai sauro, ranka ya daɗe.”

Ban gaya masa gidan nan mai bishiyar lemon tsami a nan aka haifi Yagana matata ba. Bai tambaya ba.

Asabar, 12 ga Maris, da safe

Na yi wa Yagana bayani. In ba ni ba, wani za su sa, wanda ba ruwansa da kowa. Ni kuwa in na hau sai in yi ta ja musu rai, yau ciwon kai, gobe rasuwa a Wudil, har su gaji. Dabara ce, irin wadda nake yi a ciniki kullum.

Ta ajiye mini koko a gabana. Kokon ya yi daɗi, ta sa masa tsamiya yadda nake so.

Lahadi, 13 ga Maris, da la'asar

Na shiga Sabon Gari wajen Nwabueze, akawun kamfaninmu. Tun rigimar bara waccan mutanen Fagge ba su cika tsallake titin nan ba, amma ni da shi mun daɗe, kuma matarsa Felicia ta iya miyar kifi.

Shi ya buɗe mini sauran zancen. Rumfunan kwanon da aka kakkafa makon jiya a bakin iyakar shiyya ba na ajiyar kaya ba ne. Leburorin dalar gyaɗa za a zuba a ciki, 'yan ci-rani, a ce mazauna ne, ran zaɓe su jeru a bayana. Sun ninka mazan Unguwar Jigo nesa ba kusa ba. An ce masa ya rubuta sunayensu, ya ce hannunsa yana ciwo.

“Har yaushe zai yi ciwo?” na tambaye shi.

“Har ran Lahadi, 27 ga wata.”

“Kai kana da gidan da za ka koma a Kudu. Ni ina zan koma?”

Ya dubi ƙafata. “Almu, wannan takalmi ba naka ba ne. Tafiyarka ma ta canza, kamar kaza a kan kwano mai zafi.”

Na ce zai saki.

Talata, 15 ga Maris, bayan azahar

Sun yi mini abin da ban taɓa yi wa kowa a kasuwa ba.

Ina rumfar fata sai ga Sammani, ƙanen Yagana, da jakinsa da buhun albasa. Tsakanina da shi wasa ne, ba ya raga mini. Ya durƙusa har ƙasa yana wani sunkuyar da kai.

“Allah ya ja zamanin ɗan kwamiti. An ce yanzu sai da igiya ake ɗaure maka ƙafa, don kada ka gudu.”

“Tashi, ɗan albasa, kana kore mini masu ciniki da wari.”

Ya miƙo mini goro biyu farare a ganye. “Na sanarwa ne. Unguwa ta zauna jiya, mu ma mun tsayar da namu.”

Na ɗauka limaminsu zai ce, ko shi kansa. Na riga na ɓare goron na kai baki.

“Baba ne zai tsaya.”

Goron bai wuce ba, bai kuma fito ba.

Tsoho. Surukina. Mutumin da ban taɓa furta sunansa ba tun da aka ba ni 'yarsa, ko a nan ba zan rubuta ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a hanya sai in ratse, in tuɓe takalmi, in tsuguna, ba na tashi sai ya ce “tashi.” Shi ne za a ce in tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a tsakiyar fili, da takalmi a ƙafata, Fagge duka tana kallo, ina ja da shi.

Na ce, “Sammani, mutumin da ko kiran salla ba ya ji sosai, me zai yi a kwamiti?”

“Mu ma mun faɗa. Sai Inna Yakaka, wata tsohuwar unguwa, ta leƙo ta kan zana ta ce ai ba don kwamiti za a tsayar da shi ba.”

Ya kora jakinsa yana fito. Masu noman albasa. Ni da nake sayar wa Bature fatar tunkiya a matsayin ta akuya.

Alhamis, 17 ga Maris, da hantsi

Na je wajen Mai Lofe in janye. Na tsara maganar tun a hanya, santala-santala, amma a ƙofar kicin ta wargaje. Dole ta sa na gaya masa gaskiya, cewa abokin takarar uban matata ne, kuma a wurinmu mutum ba ya tsayawa a gaban surukinsa.

Ya cire lofe ya dube ni kamar yau ya fara ganina. “Tsoho ne kawai mai shuka albasa. Idan matar ce damuwa, ka sake ta ka auri wata. Ai haka kuke yi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe.”

Ya ce lokacin sa wani ya wuce. In ban tsaya ran Asabar ba, zai yi magana a kulob ɗinsu, kuma babu sikelin kamfani ɗaya a Kano da zai sake auna fatar da ta bi ta hannuna. Ya faɗa a hankali, yana ƙwanƙwasa tokar lofe a dunduniyarsa. Kuku bai kawo shayi ba. Gwangwanin yana nan a ƙusarsa.

Yanzu kuma ya san inda Yagana ta fito. Ni na gaya masa da bakina.

Juma'a, 18 ga Maris, da la'asar

An ga Nwabueze da Felicia a tasha da akwatunansu. Wani ne ya rubuta leburorin.

Lahadi, 20 ga Maris, bayan azahar

Abin da aka tsamo daga rijiyar Unguwar Jigo yau da safe ba zan rubuta shi ba. Sai sun kwashe ruwan kaf kafin a sake sha, a wannan zafin. Karen Mai Lofe dai yana nan da ransa, na bi ta wajen na duba. Ba a ga kowa ba. Ba wanda ya ce wane ne.

Yagana ta tafi taya su jan ruwa daga rafi. Mayafi kawai ta ɗauka. Kwallayenta suna nan a jere, na duba su ma.

Ni dillali ne. A tsakiya nake.

Litinin, 21 ga Maris, kafin magariba

Na je da kaina. Tun daga bakin lambu na kwance igiyar takalmin nan, abin da ya ɗauke ni lokaci har yaran unguwa suka taru suna kallo. Tsoho yana zaune a gindin lemo yana gyaran guga. Na tsuguna daga nesa, ido a ƙasa. Muka gaisa, gajiya, iyali, zafi, kasuwa.

Na ce, “Baba, dama cewa na yi, wannan abu na ran Asabar, rana za ta yi zafi, ga tsayuwa, da an hutar da kai...”

Ya kai hannu bayan kunne. “Ka ce me?”

Na maimaita da ɗan ƙarfi, iyakar ƙarfin da mutum zai iya yi wa suruki.

“Latas? Ai ya ƙare, sai alayyahu. Sammani, ɗebo wa mijin yayarka alayyahu.”

Ya ce tashi, na tashi. Ina fita ta bayan gida na ji muryar Yagana ta cikin zana, ba ta leƙo ba.

“Malam.”

“Na'am. Yaushe za ki dawo?”

“Ran Asabar zan san gidan da zan kwana.”

Na dawo da alayyahu a hammata da takalmi a hannu. Ba mai dafa shi.

Laraba, 23 ga Maris, da hantsi

Na aika a ce zazzaɓi ya kwantar da ni. Mai Lofe ya aiko da kwinin da masinja, masinjan kuma bai koma ba. Yana zaune a dakalin ƙofar gidana, mutumin kirki, har ya taya ni cin alayyahun da maƙwabciya ta dafa. In na fita masallaci yana bayana. Jirgin Nguru yana tashi gobe, na san lokacinsa, na san mai yankan tikiti. To in je Nguru in ce da wa me?

In na tsaya, ba ni da mata, ba ni da fuskar shiga Fagge, kuma unguwar ta tafi. In ban tsaya ba, ba ni da sana'a. Na juya shi ta kowace fuska kamar fatar da ake neman huda a jikinta. Duk ciniki yana da wurin da ake haɗuwa. Wannan ban ga nasa ba.

Ɗakin nan ya yi mini kaɗan.

Alhamis, 24 ga Maris, da azahar

Takalmin bai saki ba.

Juma'a, 25 ga Maris, bayan la'asar

An kai ni rumfunan kwano in gaisa da masu zaɓena. Mutanen ƙauye ne, daga wajen Gaya da Ringim, kafaɗunsu duk kanta saboda buhu. An yi musu alkawarin hutun yini da shinkafa. Na yi musu zance mai daɗi, sun yi dariya inda ya kamata.

Da zan tafi helumansu, wato shugabansu, Halilu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya raka ni 'yan taku.

“Malam Almu, wata magana muke ji. Wai wanda za ka ja da shi gobe surukinka ne?”

Na ce siyasa ce, zamani ya zo da ita.

Ya ce, “To. Mu dai an ce mu tsaya a bayanka. Allah ya kai mu.”

Bai ba ni hannu ba.

Asabar, 26 ga Maris, da sassafe

Na yi wanka. Na sa farar riga. Na ɗaure igiyar tamau, ƙulli biyu, don kada in ce ita ce ta kwance.

Asabar, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru tun kafin Fagge ta ƙara masa gishiri.

A filin makaranta aka yi. Tebur ɗaya, malamin En'e mai ƙirga, da wani ƙaramin Di'o da rana ta riga ta dafa. Motar Mai Lofe tana gindin darbejiya, shi da dogon suna ciki. Aka kafa turaku biyu kusa da juna, ɗaya nawa ɗaya na Tsoho. Na isa nawa na tsaya. Leburori suka jeru a bayana, layi har bakin titi. Mutanen Fagge sun cika gefe, har kan katanga.

Tsoho bai zo da wuri ba. Da ya taso kuma bai bi ta bayan fili kamar kowa ba. Ta gabana ya biyo, a hankali, da sandarsa da tsohuwar rigarsa ta saƙi, mazan unguwar 'yan tsiraru suna biye. Ya zo daidai inda nake ya tsaya.

Na yi niyyar kallon sama. Na rantse na yi niyya. Sai na ga hannuna a kan igiyar takalmi. Ƙulli biyun nan sai da na sa haƙori. Na tuɓe, na ajiye su gefe, na tsuguna.

“Barka da hantsi, Baba.”

“A'a, Almu ne? Barka kadai. Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Ya kasuwa? Ya zafi? Ya wajen su mahaifiyarka? Ƙafar tata da sauƙi?”

Ya tambayi kawuna na Dawakin Tofa. Ya tambayi wata goggota da ta rasu tun kafin yaƙi, na ce ta rasu, ya yi salati ya yi mata addu'a doguwa, fili duka aka shafa. Ya koma kan gajiya. Abu ɗaya ne bai ce ba.

Malamin En'e ya ce, “Ɗan takara ya miƙe a fara ƙirga.” Ya sake faɗa. Shi ma yana da suruki. Di'o ya tambaye shi me ake jira, ya rasa Turancin da zai faɗa.

Na ji an buɗe ƙofar mota. Na ji takunsa. Ya ce in tashi, da Hausa, sa'an nan da yarensu, da wata kalma da na sani amma ban taɓa fassara wa kowa ba. Idona yana kan yatsun ƙafar Tsoho, duk kaushi da laka. Abin da Mai Lofe ya yi da sandar hannunsa ba zan rubuta ba. Kafaɗata ta sani. Ban tashi ba. Ba jarumta ba ce, ba a ce mini tashi ba ne.

Fili ya yi tsit. Sai na ji muryar Halilu heluma a bayana, ba da ƙarfi ba.

“Mutum yana gaida surukinsa.”

Daga nan sai ƙarar ƙafafu, da yawa, ba gudu ba. Ban waiwaya ba. Na dai ji iska ta fara taɓa bayana inda da mutane suka tare.

Da malamin ya gama ƙirga layin Tsoho, ya zo nawa, ya tarar da masinjan nan shi kaɗai, shi ma don an ce kada ya rabu da ni ne. Ya rubuta.

Sannan Tsoho ya ce, “Af, Almu, har yanzu kana nan? Tashi mana.”

Ƙafafuna sun mutu. Sammani ne ya ɗaga ni, yana cewa a hankali da ɗan kwamiti.

Lahadi, 27 ga Maris, da safe

Yagana ta dawo jiya kafin magariba. Ta gasa mini kafaɗa da ruwan zafi.

Talata, 29 ga Maris, bayan azahar

Na zaga kamfani uku da fatun wani Bafillace. Ko'ina mai gadi ya ce sikeli ya lalace. An sallami Halilu da rabin mutanensa, sun wuce gida tun jiya. Rumfunan kwano suna nan ba a cire ba, turakun awon da suka kafa don share unguwar ma suna nan a kan tudu. Mai Lofe ya rasa kujera ɗaya ne, bai bar gari ba.

Da hantsi na bi ta lambu. Na tsuguna daga nesa, da fadena a hannu. Bayan gaisuwa na sunkuyar da kai na yi gunaguni, can ƙasa-ƙasa yadda ni kaina da ƙyar na ji, na ce yanzu kuma sai a gaya mini abin da zan ci.

Tsoho yana can gindin lemo, bai ko ɗago daga gugansa ba.

“Albasa tana neman dillali,” in ji shi. “Kuma ran Litinin za a fara zaman kwamiti. Da Turanci suke yi, ni kuma ka san kunnena. Kai za ka raka ni.”

A ɗakin kwamitin kowa yana da kujera, har Mai Lofe. Ni a ƙasa zan zauna, kusa da ƙafar Tsoho, ba takalmi, in riƙa juya masa abin da suka ce, in juya musu abin da ya ce. Duk abin da ya ce.

Na jira ya ce tashi. Sai da ya gama ɗinke gugan.